Mashin Ɗin Da Ba Ya Cin Zane

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, bakaniken mashin da ke da rumfa a bakin tashar Illela, ya cika ranar Talata tsakanin azahar da la'asar. Yau kwana arba'in ke nan.

A kwana ukun farko na zaman makoki ina cikin gida kusa da matarsa, muna karɓar gaisuwa tare. Ban taɓa ganin makokin da ya tara mutane iri biyu kamar wannan ba. 'Yan kabu-kabu suka zo a ayari, suka kashe mashinansu tun daga bakin titi, suka turo su da hannu har ƙofar gida. Babbansu ya tsaya bayan zana ya yi sallama, ya ce, "Inna, Allah shi gahwarta mai. Ni dai ya taɓa karya min yatsu biyu, amma na yahe tun tuni." Wani daga bayansa ya ce shi haƙori ne. Matar Kawu ta amsa musu da amin. Da suka tafi ta dube ni ta ce, "Kin ji ko? Kowa da tabonai ya zaka."

Bayansu sai ga matan ƙauyukan Gidan Katta da Araba, a ƙasa suka zo, da goyo. Su kuka suke yi na gaske, irin wanda sai an tsawata. Wata ta sauke yaro ɗan shekara uku a gabana ta ce, "Wanga, bisa mashin ɗinai anka kai ni asibiti. Ba don shi ba da mu biyun mun tahi."

A waje kuma, duk lokacin da na leƙa ta zaure, sai in hango mahaifina can ƙarshen tabarmar maza. Idonsa na hagu a rufe yake, ya lotsa. Masu gaisuwa sukan miƙa masa hannu sannan su kau da kai, domin duk garin an san Kawu ne ya kashe masa wannan idon. Kullum shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tashi, har aka share makoki.

Ni malamar firamare ce, kuma a gidan Kawu na yi shekara shida. Na ga in na yi shiru, wasu duka kawai za su riƙa tunawa, wasu kuma alheri kawai, alhali mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, kuma abu ɗaya ne ya sa shi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Tun kafin abin da zan faɗa ya faru an san Kawu da zafin hannu. A ƙuruciyarsa ya bi manyan motoci, daga baya ya zauna gyaran mashin. Ƙato ne, mai kaurin wuya, bayan hannuwansa duk tabon ƙuna. Amma ga ƙanwarsa, wato innata, ba shi da murya. Shi ya raine ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya aurar da ita, kuma ko tana da jikoki da ba zai daina ce mata "yarinyar nan" ba.

A farkon shekarun tamanin ƙananan mashina 'yan Japan suka cika garin, Baba ma ya sayi ɗaya, ja. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai a Sakkwato, na zo hutu. Ranar Lahadi ta kasuwa Baba ya je Araba ya ɗauko Inna daga gidan suna. Murfin da ke rufe sarƙar mashin ɗin a cire yake. Suna gab da shigowa gari gefen mayafinta ya sauka, sarƙa ta kama shi ta naɗe a haƙoran tayar baya. Mayafin kuwa a wuyanta yake zagaye. Ya fizgo ta ta baya, ta faɗo, mashin ya ja ta a kan tsakuwa kafin tayar ta cije, Baba ya wuntsila gaba. Waɗanda suka gani sun ce ko salati ba ta ƙarasa ba. Sai da aka sa wuƙa aka yanke mayafin kafin a raba ta da ƙarfen.

Ni na riƙa zuba ruwa da aka yi mata wanka. Na ga wuyan, na ga gefen fuskar da tsakuwa ta ɗauke. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, mashin ɗin yana jingine a ƙofar gida, da sauran ƙyallen mayafin a haƙoransa. Ina cikin zaure zan miƙa ruwan sha na ga Kawu ya tsugunna gabansa. Ya zaro filaya daga aljihu, ya ɓalle sarƙar, ya zare ta a hankali. Mutane suka zaci kawar da ita zai yi don kada a riƙa gani. Sai ya ninka ta biyu a hannu, ya taka zuwa inda Baba ke zaune.

Ta farko a kafaɗa ta sauka. Ta biyu a hannun da Baba ya ɗaga. Ta uku ta ratsa fuska, na ji ƙararta kamar an fasa ƙwarya. Kawu yana faɗin, "Ka kashe min yarinyar nan, ka kashe min ita," yana ƙara ɗagawa. Baba bai gudu ba, bai rama ba, ko ihu bai yi ba. Ya dai sunkuya, jini na bin yatsunsa yana ɗiga a tabarma. Liman ya shiga tsakani, bakin sarƙar ya same shi a wuyan hannu. Sai da maza biyar suka danne Kawu a ƙasa, yana ta cizon ƙasa yana gurnani.

A asibiti aka ce idon ya fashe. Dattawan unguwa suka ce a kai ƙara, Baba ya ce, "Ba ni da ƙara." Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin amsa laifi. Na ce a raina mutumin da ya ga sarƙa a buɗe ya ɗora matarsa a kai, ya san abin da ya yi. Da na gama makaranta na kwashe kayana na koma gidan Kawu. Baba kuwa nakan gaida shi kamar yadda ake gaida maƙwabci, a tsaye, a taƙaice. In ya ce in zauna sai in ce ina sauri.

Wata huɗu Kawu bai buɗe rumfa ba. Da ya buɗe, in aka kawo gyaran sarƙa sai ya tashi ya bar wurin. Ana haka ya ji labari a bakin 'yan canji cewa wani Bature da ya ƙetaro hamada ya sauka a Ƙonni, ƙetaren iyakar Nijar, yana neman mai sayen mashin ɗinsa, kuma wai mashin ɗin ba shi da sarƙa. Kawu ya ce ƙarya ne. Washegari ya tafi ya gani da idonsa. Cikin mako guda ya rabu da gonar gadonsa, ya dawo a kan abin.

Ban manta shigowarsa ba. Baƙi ne, dogo, mai ƙyalli. Sirdinsa ƙasa-ƙasa, mai hawa biyu: na gaba a lotse, na baya ya ɗan ɗaga, da abin jingina. Kansa ya lanƙwaso baya kamar ƙahon bijimi, har mai tuƙi yakan zauna a miƙe ƙafafunsa a gaba, kamar yana kan kujera. Injin kawuna biyu gare shi, a ware kamar an buɗe yatsu biyu. Ba a taka shi da ƙafa, maɓalli ake dannawa. Ƙararsa ba irin kukan ƙananan nan ba ce, daga ƙasa take fitowa kamar tambari. Mutane suka taru suna shafa tanki da fitila. Kawu ko kallon waɗannan bai yi ba. Ya zagaya baya ya nuna mini inda sarƙa ya kamata ta kasance. Babu komai sai wani bututu sumul da ya taso daga inji ya ƙare a wani kasko rufaffe a tsakiyar taya, kamar akushi da murfinsa.

A ƙarƙashin sirdi akwai ɗan littafi cikin harsuna da yawa. Kawu bai yi boko ba, don haka kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ce, "Malama, zaka ki karanta min inda sunka yi maganar ƙahwar baya." Ina karanta Turancin ina mayar masa da Hausa, shi kuma yana kwancewa yana jera ƙarafan a kan tabarma yadda ya ciro su. A nan na ga cikin abin. Sanda ce ta ƙarfe, ta fi kamu ɗaya kaɗan, tana juyawa a cikin bututun nan. Ta wajen inji tana da gaɓa mai lanƙwasawa kamar wuyan hannu, don taya ta samu hawa da sauka a kan gargada. Ta wajen taya kuma tana da ƙaramin kai mai haƙora a karkace, wanda ke cizon wani babban zobe mai haƙora, ya karkatar da juyin ya mayar da shi ga taya. Duka suna iyo cikin mai mai kauri. Kawu ya juya sandar da yatsu, zoben ya juya ba ƙara.

"Komi a ruhe," in ji shi. "Rairayi ba shi shiga. Zane ba shi shiga."

Daga abin da Baturen ya gaya masa ta bakin tafinta, da abin da na tsinta a littafin, muka haɗa tarihin. Dabarar ba sabuwa ba ce. Irin yadda mota ke juya tayoyinta ne, kuma tun zamanin kakanninmu wasu maƙeran Turai suka sa ta a mashin. A lokacin babban yaƙi sojoji sun hau irinsu a hamada, domin yashi na cinye sarƙa. Shi kuma wannan zubi na gajeren sirdi da lanƙwasasshen kai daga Amurka ya fito, inda hanyoyi ke da tsawo. Mutanen Japan ne suka zo daga baya suka haɗa biyun a mashin ɗaya.

Kawu ya tambaye ni, to in haka ne me ya sa duk mashinan garin nan sarƙa gare su. Na ce ina jin don ta fi araha, ta fi sauƙin ɗauka, kuma kowa na iya gyara ta a bakin hanya. Ya riƙa juya sifana a hannu.

"Ashe tun kahin a haihe ni an san maganin abin," ya ce.

Sai ya wurga sifanar. Ta wuce ta gefen kunnena ta fasa randar da ke gindin bango, ruwa ya malale har tabarma. Matarsa ta fito ta duba, ta koma ɗaki. Ya tashi ya kwashe ƙarafan kada su jiƙe.

Mashin ɗin yana da nasa halin. Nauyinsa ya kai na ƙananan nan uku, in ya faɗi mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. In aka murɗa totur da ƙarfi bayansa kan ɗaga kamar raƙumi zai miƙe, in aka saki farat ɗaya sai ya durƙusa. Sau biyu ya kayar da Kawu kafin su saba. Kuma duk da babu sarƙa Kawu bai yarda da tayar ba. Ya kira baduku ya ɗinka masa jar fata ta rufe gefe biyu na tayar baya, daga sirdi har kusan ƙasa. Kowace Juma'a da safe sai ya kwance notin kaskon nan, ya tsoma ɗan yatsa, ya shinshina man, ya duba ko akwai garin ƙarfe a ciki.

Matan ƙauye ne suka raɗa masa suna, mashin ɗin da ba ya cin zane. Yadda abin ya fara, wani manomi na Gidan Katta ya zo rumfa a guje, matarsa ta kwana biyu tana naƙuda, ta ƙi hawa mashin kowa tun da ta ji abin da ya sami innata. Kawu ya tafi ya ɗauko ta. Daga nan aikin ya zama nasa. Yana da ƙa'ida. Yakan tsaya ya juya baya har matan gidan su gama ɗora mai ciwon su tattare mata zane da mayafi. Sai ya ce, "An tattara?" In an ce an tattara, ya zagaya sau ɗaya ya duba da kansa. Ga mashin da zai iya tsere wa mota, amma in da mace a baya har mai keke kan wuce shi. A asibiti yakan zauna gindin dogon yaro, ba ya tafiya sai ya ji an sauka. Ko furar gidajen nan bai taɓa sha ba. In an matsa masa sai ya ce a ba mai jego.

Amma mutumin nan ɗaya shi ne ke zaune a bakin tasha yana duban ƙafar bayan kowane mashin da ya wuce. 'Yan kabu-kabu na yawan cire murfin sarƙa don yana kwaramniya, kuma yana hana su saurin ɗaure ta. Kawu ya yanka langa-langa ya ƙera murafu ya rataye su jere a rumfa, duk mai so ya zo a ɗaura masa kyauta. In ya ga wani ya ɗauko mace sarƙa a buɗe, sai ya shiga gabansa ya ce, "Ruhe shi ko ka sauke ta." Sau ɗaya yake faɗa wa mutum. In ya sake ganinsa ba magana. Da cizal da guduma yake fitowa, ya datse sarƙar a tsakiyar titi. Wanda ya yi gardama ya sha mari, wanda ya rama ya bar haƙori. Sau biyu ana tsare shi, yana fitowa ya koma kan bencinsa.

Abin da ya yi wa babban 'yan kabu-kabu a gabana aka yi, ina dawowa daga makaranta. Mutumin ya ɗauko mace mai ciki da goyo, sarƙa a buɗe, ya ga Kawu ya kauce ya ƙara wuta. Kawu ya hau nasa ya bi shi, ya sha gabansa kusa da masu albasa. Ya ce wa matar, da murya mai taushi, "Sauka, ɗiyata." Ta sauka. Sai ya ɗaga ƙaramin mashin ɗin kan ƙafarsa ta tsakiya, ya kamo hannun mutumin ya danna a kan sarƙar, ya sa ƙafa ya juya tayar. Na ji ƙasusuwan sun ba da sauti. Mutumin ya durƙusa yana amai. Kawu ya sunkuya ya ce masa, "Ka ji yadda take ci?"

Ba zan wanke shi a kan wannan ba. Zalunci ne, kuma na gaya masa a ranar.

Lahadin da ta biyo baya 'yan kabu-kabu suka rama. Sun fi goma, suka tare shi a bayan tasha da sanduna da ƙarafan cire taya. Ya kayar da biyu kafin a same shi a ƙeya. Da ya faɗi suka yi ta tattaka shi har ya daina motsi. Sannan suka juya kan mashin ɗin. Wani ya zuƙo fetur a galan ya kwarara masa daga tanki har fatar baya, wani ya zaro ashana. Matan Gidan Katta masu tallar daddawa suna kusa. Wata tsohuwa, wadda Kawu ya taɓa kai surukarta asibiti, ta ajiye ƙwaryarta, ta ratsa su, ta haye sirdin nan jiƙe da fetur ta zauna. Ta ce, "To, ku kunna." Sauran matan suka zo suka kewaye ta. Mai ashanar ya daɗe a tsaye, sannan ya mayar da ita aljihu.

Haƙarƙari uku suka karya masa. Wata biyu yana kwance ina jinyarsa tare da matarsa. Wata rana ina shafa masa magani na ce, "Kawu, dukan nan ba shi maido ta."

"Na sani, Malama."

"To mi ya sa?"

Ya juya fuska ga bango. "In hannuna ya zauna, kaina ba shi zama," ya ce. Na zaci baƙin cikin rashin ƙanwa ne kawai. Ban ƙara tambaya ba.

Duk shekarun nan shi da Baba ko gaisuwa ba ta haɗa su. A filin idi ɗaya suke salla, wannan a wannan gefe, wancan a wancan. Baba bai sake hawa mashin ba, nasa ko na wani. A ƙasa yake zuwa ko'ina, yana karkata kai don ya ga hanya da ido ɗaya. Sau da yawa ina bayan Kawu za shi kai ni makaranta mu wuce shi. Kawu kan rage gudu, ni kuwa in dubi wancan gefen.

Ranar Asabar ta ƙarshensa a kan mashin, ya mayar da wata mai jego da jaririnta Gidan Katta, yana dawowa shi kaɗai da tsakar rana. A wata kwana raƙumi ya fito daga cikin gero. Kawu ya saki totur farat ɗaya, bayan mashin ya durƙusa, gefensa ya karci ƙasa, taya ta zame a yashi. Abin ya kife a kansa. Nauyin ya danne masa ƙugu da ƙirji, salansa kuma ta kwanta a cinyarsa da zafinta. Shekarunsa sun haura sittin, kuma haƙarƙarin da aka karya ba su taɓa komawa daidai ba. Ya kasa ture shi. Hannu ɗaya ya samu ya kai ga ham, ya yi ta dannawa har ƙarar ta dushe. Da manoma suka iso suka ɗaga mashin ɗin, fatar cinyarsa ta biyo ƙarfen.

A asibiti aka ce jini na zuba ta ciki. Ranar Talata da hantsi ya buɗe ido ya ce mini, "Tahi ki kira min ubanki."

Rabona da shiga ɗakin Baba tun ranar da na kwashe kayana. Na same shi yana gyaran igiyar guga. Na faɗa masa. Ya ɗauki hula ya biyo ni asibiti.

"Ka zaka," in ji Kawu.

"Na zaka, Yaya."

Na juya zan fita, Kawu ya ce, "Tsaya, Malama. Don ke ne." Numfashinsa na fita da ƙara, yana tsayawa tsakanin kalmomi. Ni yake kallo, ba Baba ba. "Murhin sarƙar nan, ni na cire shi. Ranar Juma'a ya kawo min in ɗaure mai sarƙa. Notin murhin ya lalace, ina da aiki da yawa. Na ce shi tahi, shi dawo Litinin in sa. Na jefa shi bayan rumhwa." Ya yi tari, matarsa ta share masa baki. "Na dake shi don in ban dake shi ba, ni za a duba. Kuma na bar ki kina ƙin ubanki shekara shida, don ban iya jure ki dube ni yadda kinka dube shi. Ku yahe min."

Baba ya matsa kusa da gadon. Ya ce, "Ido na yahe tun ranar. Na uwarta kuwa, rabona na yahe. Saura nata, ga ta nan."

Suka dube ni duka. Ni kuwa Baba nake kallo, ramin idon nan, da rigarsa da ba mai wanke masa, da duk ranakun da ya ce in zauna na ce ina sauri. Na fita na tsaya wajen famfo a bakin baranda. Na ce bari zuciyata ta huce, in an yi la'asar in koma in ba shi amsa. Ina nan tsaye na ji salatin matarsa. Baba ne ya laƙƙana masa kalmar shahada, shi ya rufe masa ido.

Mashin ɗin yana zauren gidan har yau, an lulluɓe shi da tabarma. 'Yan kasuwa sun zo taya shi, matarsa ta ce ba yanzu ba. Matan ƙauye suna tambayar wa zai riƙa ɗaukarsu, kuma ba wanda ya ba su amsa tukuna.

Bayan sadakar bakwai na dafa tuwo na ɗauka na tafi gidan Baba. Na ajiye, na zauna a ƙasa kusa da shi ba tare da ya ce in zauna ba.

Na ce, "Baba, mi ya hana ka hwaɗi?"

"In hwaɗi mi? Shi ya cire, ni na gan shi a cire na ɗauko ta. Laihin namu ne mu biyu." Ya buɗe kwanon ya rufe. "Kuma na san yayan uwarki. Da na hwaɗi ranar nan gaban mutane, da bai kai sati ba. Ke kuma kin rasa uwa. Na ce gara ki samu gida guda da kinka yarda da shi."

Na fara roƙonsa gafara, kuka ya sarƙe ni. Ya bar ni har na gama, ya ce tsakanin uba da ɗiya wannan ba abin roƙo ba ne. Sannan ya ce, "Kin ba shi amsa?"

"Ya tahi ban ba shi ba."

"Wanda za shi tambaye shi shina ji. In kin yahe, hwaɗi, ni shaida ne. In ba ki yahe ba, kar ki yi ƙarya don ni."

Na duba zuciyata da gaske, na ga fushin yana nan, amma ba na son a tsayar da Kawu gobe kiyama saboda ni. Na ce, "Na yahe mai."

Baba bai motsa ba. Can ya ce, "Kin yi magana? Dawo ta dama. Kunnen wanga gehen ma tun ranar nan ba shi ji."

Shekara shida ban san wannan ba. Na tashi na zagaya ta damarsa, na durƙusa, na faɗa da ƙarfi yadda zai ji. Ya ce ya shaida. Sannan ya wanke hannu, ya turo kwanon tsakaninmu, muka ci.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya karɓi alherinsa, Ya sa waɗanda hannunsa ya taɓa su yafe masa. Allah Ya jiƙan innata. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa su biyun a addu'a, ya haɗa da mahaifina da ke raye.